Man Asta a Kwalbar Saudat

Duk garin Dauran an san Asta da abu biyu, man shanunta da kunyarta. Man shanun babu mai musu a kansa. Kunyar kuwa, har matan da su ma ba sa kiran sunan ɗan fari cewa suke ta Asta ta wuce gona da iri.

'Yarta ta fari sunanta Maijidda, kuma gara a faɗa tun yanzu, don in za a jira Asta ta faɗa sai a kwana a wurin. Shekara ashirin da shida sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. Da aka yaye yarinyar aka miƙa ta ga Bara'atu, ƙanwar mijin Asta da ke aure a Zurmi, kamar yadda aka saba yi da ɗan fari. In magana ta kama dole, Asta kan ce "waccan", ko ta ce "ɗiyar Bara'atu". In Maijidda ta zo ta durƙusa tana gaisuwa, Asta sai ta amsa tana kallon turken awaki. Ranar da aka kai Maijidda Kaura Namoda gidan mijinta Nuraddeen, direban motar haya, Asta tulu ta ɗauka ta tafi rijiya, alhali randunanta duk a cike suke.

A tsakiyar bazarar bana, lokacin da kaji ke yawo baki buɗe, ƙasa kuma ba ta takuwa babu takalmi, Bara'atu ta sauka daga mashin a ƙofar gidan. Mace ce mai jiki da baki, kuma tsakaninta da matar yayanta akwai wasa tun suna amare. Ta tarar da Asta a gindin darbejiya tana jijjiga goran nono.

"Matarmu, kina nan kina kaɗa nono, ɗiyata na can Kaura ta ƙone huska," in ji Bara'atu, tun kafin ta zauna.

Goran ya tsaya, sannan ya ci gaba.

Bara'atu ta ja tabarma ta zayyane komai. Maijidda man bilicin ta shiga shafawa tun bayan babbar salla. Da farko ta yi haske, maƙwabta suna ta zuga ta. Da rana ta buɗe sosai sai kumatun suka yi ja, daga ja suka koma baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, suna zafi suna saɓa. Wata biyu ke nan ba ta fita sai da niƙabi, ko sunan ɗan ƙawarta Hafsat ba ta je ba.

"Na aika mata man kaɗe cikin gwangwanin madara, ta ba maƙwabta su shahwa ga kaushi. Wai kayan ƙauye na. Duk abin da babu takarda manne ga kwalba ba ta yarda da shi. Yanzun ga wata ta ce mata akwai haɗi mai ƙarhi da ka goge tabo, ran Asabar za ta tai ta sawo. In ta ɗora wanga bisa wancan, sai dai Allah shi kyauta. Ki tashi ki tai ki yi mata magana, ni ta saba da tawa."

"Wa?" in ji Asta.

Bara'atu ta harare ta, ta kwashe nonon da ke ƙwarya ta shanye, ta tafi.

Ranar man shanun bai taru ba har la'asar. Tsoro ne ya kama Asta. Ta taɓa zama kusa da wata mata a motar Zurmi wadda mai ya cinye wa fata har ana hango jijiyoyi, kuma duk lokacin da ta tuna matar sai ta ga fuskar da ba ta da ikon kallo. Tana son yarinyar nan so mai ciwo, fiye da ƙannen yarinyar biyar da take kira da suna tana zagi yadda ta ga dama. Amma ta tashi ta je Kaura ta zauna gaba da gaba ta ce "ke, bari wannan", bakinta bai san yadda ake yi ba. Kwana uku ya rage Asabar. Dole man kirki ya isa fuskar nan kafin haɗin ya isa, kuma dole a ce ba daga hannunta ya fito ba.

Ranar Alhamis ta ce wa maigida kanwar shanu ta ƙare, ta shiga motar 'yan kasuwa zuwa Shinkafi. Kanwa kam ta saya, dunƙule ɗaya, don kada ta yi ƙarya. Sauran yinin a layin masu man kaɗe ta yi shi. Ta dangwala ta murza a bayan hannu, ta shinshina, ta ɗora a harshe. Na wannan an sirka, na wancan ya kwana biyu, na wancan ƙauri yake. Masu man suka fara kallon juna. Sai a wurin wata tsohuwa ta sami wanda ya kwanta mata, ta yi ciniki har tsohuwar ta ce ta ɗauka don Allah ta ba ta wuri. Da aka miƙo leda za a zuba, Asta ta ja da baya ta miƙa ƙwaryarta. Bara aka yanka karsanarta da ta yi ta ramewa babu dalili, aka tarar da tumbinta cike da leda, kuma tun ranar ita da leda ko gaisuwa babu.

Juma'a ta yini a kan man. Ta wanke shi da ruwan randa har sau bakwai, ta tace, ta buga shi da maburgi har kafaɗarta ta amsa, ya tashi fari tas mai laushi. Ta zuba wani ɗan abu da ta koya wurin kakarta, wanda ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Sannan ta aika wa Bara'atu cewa gobe tana son rakiya Kaura, za ta sayi kayan zafi, irin na shafawa a jiki, a sabon kantin nan da mata ke ta magana.

"Kayan zahi," in ji Bara'atu da suka haɗu a bakin titi da safe, tana kallon ƙwaryar da aka lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma aka kifa faifai. "Ke da ko hoda ba ki sani ba."

"Tsuhwa ya zo, jiki na son gyara," in ji Asta.

Man kaɗe a bazara ba ya son wasa, minti kaɗan a rana ya zama ruwa. Asta ta rungume ƙwaryar a cinya, ta zaɓi gefen da rana ba ta bugawa. Duk shingen da aka tsayar da motar sai ta buɗe gorar ruwanta ta yayyafa wa tsumman. Ita ko kurɓi ɗaya ba ta yi ba, har leɓenta ya bushe. Bara'atu ta roƙi ruwan sau biyu aka hana ta.

Kantin yana kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ƙofarsa koriya, ciki fanka mai aiki da hasken rana tana juyawa. Mai shi Saudat ce, matashiya da ta yi karatu a Gusau ta dawo gida da dabara. Matan unguwar Maijidda ba su da hira sai ta kantin nan. Saudat ta tarbe su da fara'a ta ba su kujeru, ta shiga nuna kaya. Ga sabulun salo an yanka shi murabba'i an naɗe da takarda mai ruwan ƙasa. Ga lalle da dilka a ƙananan kwalabe, ga garin magarya na wanke gashi, ga asawaki an ɗaure uku uku da zare, ga mafici, ga kwandunan kaba na cefane.

"Komai na nan ƙasarmu ne, Inna, babu sinadarin da ke cin fata. Kuma ba mu ba da leda, ko an roƙa. Muhalli muke tattali."

"Ba leda?" Asta ta dube ta da kyau a karon farko. "Ɗiyar ga ta yi hankali, Bara'atu."

Daga nan idonta ya faɗa kan wani abu da aka rataye jere a bango, kowane da ɗan kati a wuya. Ta matsa ta taɓa. Soso ne. Soson nan dai da ke hawa dangar bayan gidanta, wanda awaki ma ba sa kulawa. Ta tambayi kuɗin, aka faɗa mata, ta nemi kujera ta zauna.

"Wanga soso na wanka? Ko akwai wani aiki da shika yi ban da wanka?"

"Na wanka ne, Inna. Ya fi na roba, in ya tsufa ƙasa yake komawa."

"Bara'atu, ashe dukiya ta rataye ga dangata ina barin ta tana bushewa."

"Awo, kina zaune bisa arziki kina kaɗa nono," in ji Bara'atu. Ita ta riga ta ɗauki mafici tana fifita, ta shafa turare biyu, ta ɗanɗana garin da aka ce mata na shafawa ne.

Asta ta yi kamar ranta ya ɓaci, amma a ciki murna take. Abin da ta zo tabbatarwa ke nan. In takarda da kwalba za su mai da soson danga kayan birni, to za su iya da manta. Ta sayi sabulu ɗaya da mafici ɗaya don a san ciniki ya kawo ta. Sannan ta ɗora ƙwaryar a kan tebur, ta ɗaga faifan, ta yaye tsumman. Man yana nan daskare, ko gefe bai narke ba.

"Ɗiyata, so nike ki zuba wanga cikin kwalbakki, ki manna takarda. Akwai wadda za ta zo, ki ba ta shi a matsayin kayanki. Ki rubuta da boko mai wuya, wanda ba a ganewa. Kuma ki tsawwala mata, in ya yi araha raina shi za ta yi."

Saudat ta ɗan ja baya. "Inna, ba na manna takardata a kan abin da ban sani ba."

"To san shi."

Saudat ta dangwala ta murza a bayan hannu. Man ya shige kamar ba a shafa ba, ya bar wurin da sanyi. Ta sake dangwala. Ta dubi nata man kaɗen da ke kan kantar shagon, ta dubi na ƙwarya, ta ɗauko kwalba mafi kyau. Boko mai wuya dai ta ƙi, ta rubuta "Man kaɗe tsantsa" da hannunta, ta ɗaura zare a wuyan kwalbar. Asta ta ga zaren ta ce ya isa.

"To wace ce za ta zo, Inna? Me sunanta, in aika mata?"

Nan fa ake yin ta. Asta ta shirya komai tun daga Shinkafi, wannan kaɗai ta manta. Ta juya ga Bara'atu.

"Gaya mata."

"Ni? Rakiya niz zo," in ji Bara'atu, tana fifita tana kallon rufi. "Ban san kowa ba Kaura."

"Bara'atu."

"Wallahi zahin ga ya ɗauke min tunani. Ko sunana sai na yi da gaske."

Asta ta juyo ga Saudat. "Wata ta, nan unguwar ga."

"Matar wa?" in ji Saudat.

Sunan suruki kuma ya fi na ɗan fari nauyi. Gumi ya karyo wa Asta duk da fankar. "Matar wani mai mota."

"Inna, rabin matan unguwar nan mazansu direbobi ne. Ko za ki kwatanta min ita?"

Asta ta yi niyyar cewa ba ta san kamanninta sosai ba, wanda shi ne abin da ya dace uwa ta faɗa. Sai bakinta ya riga ta.

"Doguwa ta, ta ɗara ki kaɗan. In tana tahiya takan ja takalmin hagu, don ƙaya ta taɓa shige mata diddige tana shekara bakwai. Tana da wushirya, in za ta yi dariya sai ta rufe da bayan hannu, ba da tahi ba. In ranta ya ɓaci ba ta magana, kunnenta na dama taka murzawa. Kuma baƙa ta. Ba irin baƙin ga na toka ba, baƙi mai sheƙi, kamar an wanke an goge. Duk dangi babu mai irinshi. In ta shigo gida da rana, ko ba ka ɗaga kai ba ka san wuri ya cika."

Ta tsaya don ta ga Saudat ba ita take kallo ba, ƙofa take kallo. Bara'atu kuma ta rufe baki da mafici, kafaɗunta na rawa. Tun da suka sauka a tashar mota, lokacin da Asta ke jiƙa tsumma, Bara'atu ta koma gefe ta buga waya ta ce wa Maijidda ga ta a Kaura, ta biyo ta kantin Saudat kafin ta wuce wurin mai haɗi. Ba ta ce mata da wa ta zo ba.

A bakin ƙofa wata doguwar mace ce tsaye cikin hijabi da niƙabi, hannunta a kan kunnenta na dama. Babu wanda ya san tun yaushe take wurin.

Asta ta miƙe ta juya ta fuskanci bangon soso, kamar wadda ta tuna tana da muhimmiyar magana da su. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, da ƙasa za ta tsage da ta gode mata.

Maijidda ta shigo ta durƙusa. "Gwaggo, sannu da zuwa." Sannan ta sassauta murya. "Inna, ina wuni. An zo lahiya?"

"Lahiya," in ji Asta, ga soso na uku daga hagu.

Saudat, da yake 'yar kasuwa ce, ta ga shiru zai yi yawa, ta tura kwalbar gaba. "Ga wani sabon mai ya zo yau, ko za ki gwada."

"Mai ƙarhi nika nema, wanda ka goge tabo."

"Irin wannan ba na sayarwa, kuma in kin ji tawa, likitan fata za ki gani kafin ki ƙara shafa wani haɗi. Wannan ba ya goge komai, sanyaya fata yake."

Maijidda ta ɗauki kwalbar ta juya ta, ta karanta takardar. Ta dubi ƙwaryar da ke kan tebur da sauran mai a gindinta, da jiƙaƙƙen tsumman, da faifan. Saudat ta yi ƙoƙarin tura ƙwaryar bayan kwanduna da gwiwar hannu, amma an makara.

"Daga ina ankay yo shi?"

"Daga hannun wata gwana," in ji Saudat.

"Yaya aka shahwa shi?"

Saudat ta dubi bayan Asta, don ba a gaya mata ba. Asta ta kasa daurewa.

"Bara'atu," ta ce wa bango, "in da wani zai tambaye ni, da sai in ce a wanke da ruwan randa, ba sabulu, ba soso. A bari ta sha iska. A shahwa kaɗan, sahe da maraice. Kuma duk wata kwalba da ke ɗaki a tattara a ba mai shara."

"Kin ji abin da bango yac ce," in ji Bara'atu.

"Na ji, Gwaggo." Maijidda ta murza zaren kwalbar. "Gwaggo, tambayar min mai man ga. Baƙin da tac ce, mai sheƙi. Shina dawowa?"

"Matarmu, ana tambaya."

"Ce mata ba a kore shi da nisa ba. In an bar shi ya huta, da yardar Allah shina dawowa gida."

"Gwaggo, ce mata ban san ana so nai ba." Muryar ta fara rawa a bayan niƙabin. "Ƙannena su Asiya da Zulaihat duk hasken Inna sunka ɗauko, ana kiran su, ana yi musu kitso, ana duban su. Ni in na zo, turke aka kallo. Na san al'ada ta, an gaya min tun ina ƙarama. Amma wani lokaci sai in ce, ƙila da na yi kama da su, da ko sau ɗaya an yi kuskure an dube ni."

Wannan karon Bara'atu ba ta isar da saƙo ba, maficin ma ya tsaya. Asta ta ji maganar ta shige ta kamar an soka mata tsinke a ƙirji. Ita a ganinta kunyar nan girmamawa ce, haka uwarta ta yi wa yayanta, haka kakarta ta yi. Bai taɓa zuwa mata ba cewa yarinyar tana can tana neman laifin a jikin fatarta. Baƙin ciki ya cika ta, ga magana fal a baki, ga harshe ya ƙi. Ta kama soso ɗaya ta matse har katin wuyansa ya tsinke.

Bara'atu ta dubi bayan matar yayanta, ta dubi 'yar riƙonta, ta ga in an bar su haka za a rufe kanti suna nan.

"Ni dai bayanin ga ban gane ba," ta ce, ta ja kujera tsakiyar kanti ta zauna daram. "Kaɗan nawa? Sama aka yi ko ƙasa? Matarmu, zo ki gwada bisa huskata, masu kallo su koya."

Asta ta sami abin yi da hannunta, ta kuwa kama. Ta matso da baya da baya, fuskarta na bango saboda Maijidda na ɗaya gefen, ta miƙa hannu a karkace. Saudat ta tara mata kwalbar ta dangwala. Yatsun suka lalubo fuskar Bara'atu, suka fara da hanci.

"Wanga hanci na, baiwar Allah."

"Yi shiru. Daga nan aka farawa, a bi a hankali zuwa kunne. Ba a murzawa, ɗorawa aka yi."

"Kin cika min ido. Ni da niz zo rakiya an mai da ni waina."

Saudat ta juya tana gyara kwalaben da ba su karkace ba, don dariya ta ci ƙarfinta. Har daga bayan niƙabin an ji wani ɗan sauti da ya tsaya tsakanin kuka da dariya.

Asta ta ɗauke hannu ta sake kai shi kwalba. A wannan ɗan tsakanin Bara'atu, duk jikin nan nata, ta zame daga kujerar babu ko ƙara. Ta fizgo Maijidda ta zaunar, ta ɗage mata niƙabin da hannu ɗaya, ta yi wa Saudat nuni da ido. Saudat ta je ta saki labulen ƙofa.

Yatsun Asta suka dawo suka sauka a kan kumatu. Ba kumatun ɗazu ba ne. Waɗannan zafi suke kamar an sauke su daga wuta, fatar ta yi kaushi a wani wurin, a wani wurin ta yi sirit har tana jin bugun jini a ƙarƙashi, kuma a jiƙe suke. Hannun ya tsaya cak. Rabon da ya taɓa fuskar nan tun ranar yaye.

"A hankali, matarmu," in ji Bara'atu daga can bayan kwanduna, fuskarta na ƙyalli. "Huskata ta, ki bi ta a hankali."

Asta ta ji daga inda muryar ta fito. Ta san wayon, ta san mai shi, ta kuma san an buɗe mata ƙofa ne. In fuskar Bara'atu ce, ai babu al'adar da ta hana mace yi wa ƙanwar mijinta magana. Yatsun suka ci gaba, daga gefen hanci zuwa kunne, suna ɗorawa ba sa murzawa.

"Bara'atu," ta ce, murya ƙasa ƙasa, "ki bar kukan ga, hawaye na ƙara mishi zahi."

Fuskar da ke ƙarƙashin hannunta ta gyaɗa.

"Bara'atu, ke wawuya ta. Wa yac ce miki ba a duban ki? Mutum na iya kallon turke idonai na wani wuri. Ba a taɓa shigowa gidana an hita ban san kalar zanen da anka ɗaura ba."

"Na ji," in ji Bara'atu ta gaskiya, tana share ido da gefen mayafi. "Ban ƙarawa."

Babu kuma al'adar da ta hana mace kallon ƙanwar mijinta. Asta ta tsaya a kan wannan tunanin kamar mai gwada zurfin ruwa da ƙafa. Sannan ta saki soson da ke ɗaya hannun, ta juyo gaba ɗaya, ta tallabo haɓar da tafukanta biyu. Ta ga tabon, ta ga inda ya saɓe, ta ga idanun da ke kallonta ba sa ƙiftawa. Ta daɗe tana kallo, ba ta kau da kai ba.

"Ɗago min nan, Bara'atu," ta ce. "Ban gama ba."